Garin da ya fasa titinsa ya shuka ciyawa a bakin kogi

Abban Sadiq:
Salam jama'a. Daren jiya barci ya ƙi zuwa sai na shiga kalle-kallen tsofaffin hotunan birane, na ci karo da hoto biyu na waje ɗaya a Portland ta jihar Oregon, Amurka. Na farkon na shekarun 1960 ne, babban titi shimfiɗe a bakin kogin Willamette motoci sai kai da kawowa, ko inda mutum zai tsaya ya leƙa ruwa babu. Na biyun na yanzu ne, ciyawa kore shar, itatuwa, yara na guje-guje. Wai sunan titin Harbor Drive, a 1974 suka rufe shi suka farfashe kwaltar, 1978 aka buɗe filin shaƙatawa a gurbinsa mai eka 36 da ɗoriya, shi ne Tom McCall Waterfront Park. Abin da ya ɗaure min kai, Amurka fa, inda mota ta zama ƙafar mutum, a ce gari ya fasa titinsa da hannunsa? Wa ya san yadda aka yi?

Auta:
Yaya Abba kai ma dai, mutane na barci kai kana Oregon 😂

Injiniya Garba:
Wa'alaikumus salam. Labarin gaskiya ne amma yadda ake ba da shi ne bai cika min ba. Kullum sai a ce Portland ta yi jarumta ta kashe titi. Ba kashe shi suka yi ba, canza masa ɗaki suka yi. Duba jerin shekarun da kanka. 1966 aka buɗe gadar Marquam wadda ta ɗauki babbar hanyar I-5 ta tsallaka da ita gabas da kogin. Nuwamba 1973 aka buɗe gadar Fremont, ita ta kammala I-405 da ta zagaye tsakiyar garin ta yamma. Wata shida bayan nan, Mayun 1974, sai aka rufe Harbor Drive. Wato sai da suka gina manyan hanyoyi biyu da suka fi shi girma tukuna suka taɓa shi. Mutum ya sayi sabuwar riga biyu ya kyautar da tsohuwa, sai a ce masa Alhaji mai kyauta?

Zainab M.:
Injiniya ina girmama ka amma nan ban yarda ba. In da haka abin yake da sauƙi me ya sa a 1968, shekara biyu bayan an buɗe Marquam ɗin, masu kula da hanyoyi na jihar suke maganar a ƘARA faɗin Harbor Drive? Su a lissafinsu ba tsohuwar riga ba ce, rigar da za a ƙara wa hannu ce. Akwai wani ƙaton gini a bakin ruwan, an gina shi a matsayin kasuwa aka buɗe 1933, kasuwar ba ta yi albarka ba ta mutu 1942, sojan ruwa suka yi amfani da shi lokacin yaƙi, jaridar Oregon Journal ta zauna a ciki daga 1948 zuwa 1961, daga nan ya zama kango har aka rushe shi 1969. To rushe shin nan ne ya buɗe fili, kuma filin nan aka yi rigima a kai, titi zai cinye ko mutane. Ba wanda ya miƙa musu a faranti.

Injiniya Garba:
Na san da maganar faɗaɗawar. Mu injiniyoyi haka muke, in ka ba mu fili layi za mu ƙara, ba na musu.

Zainab M.:
To ka gani. A watan Agustan 1969 wasu 'yan gari da suka kira kansu Riverfront for People suka kwashi yaransu da abincinsu suka je suka baje a kan ɗan siririn ciyawar da ta rage a gefen titin, motoci na wucewa da gudu su kuma suna zaune suna ci, 'yan jarida na ɗauka. Ba jifa ba ƙone taya. Hoton uwa riƙe da hannun yaro kada ya faɗa titi ya fi takarda ɗari magana. Gwamna Tom McCall dama ya riga ya kafa kwamiti tun 1968 ya duba makomar titin, surutun mutanen nan ne ya sa zancen rufe shi gaba ɗaya ya shigo tebur da ƙarfi.

Malam Ɗanjuma:
Yara ku dakata in koma da ku baya kaɗan, don duk kun fara labarin daga tsakiya. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, me ya sa tun farko gari zai juya wa koginsa ƙeya har ya ga babu abin da ya dace da bakinsa sai kwalta?

Portland kogin nan ne ya haife ta. Katako da alkama ake lodawa a jirage a nan, bakin ruwan duk matsayar jirage ne da sito-sito na katako. Ba wajen shan iska ba ne, wajen neman abinci ne, da wari da ɓeraye da komai, kuma duk ƙazantar garin cikin kogin take zuba kai tsaye. Ga ambaliya. Ta 1894 ruwa ya kai ƙafa 33, da kwale-kwale aka riƙa yawo a titunan tsakiyar gari. Da jirage suka ƙara girma harkar lodi ta gangara can ƙasa da garin, tsofaffin matsayan suka ruɓe a tsaye. Shi ne aka rushe su aka gina doguwar katangar kankare wadda aka gama 1929, ta tare ruwa. Katangar ta yi aikinta amma daga ranar gari da kogi suka raba gari. Da aka zo farkon shekarun 1940 ana neman inda za a bi da titi, ina ya fi araha? Wajen da kowa ya riga ya yafe. Har da tsofaffin gine-gine masu adon ƙarfen zubi na Front Avenue, titin da ke manne da wajen, aka kwashe da yawa a lokacin.

Kuma kada ku ɗauka tunanin filin sabo ne. Tun 1903 John Charles Olmsted, wanda aka ɗauko ya tsara wa garin wuraren shaƙatawa, ya ba su shawarar su tanadi fili a bakin kogin. Edward Bennett ya sake faɗa a tsarinsa na 1912. Aka sa a durowa. Daga 1903 zuwa 1978 shekara 75 kenan, wanda ya kawo shawarar ƙasa ta daɗe da rufe masa ido.

Abban Sadiq:
Allah ya ƙara lafiya Malam, wlh ban san da wannan ba. Shekara 75!

Maman Nana:
Sannunku da hira. Ni a garin nake shekara ta shida kenan, maigidan aiki ya kawo shi, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani ba na littafi ba. Filin yana da kyau ba ƙarya, musamman ƙarshen Maris lokacin da itatuwan ceri ɗari da ke ɓangaren arewa suka yi fure, wajen kamar an watsa auduga mai ruwan hoda, mutane maƙil kowa da waya a hannu. Da rani kuma yarana ba sa yarda mu wuce Salmon Street Springs ba su jiƙe ba, wani wajen feshin ruwa ne da aka yi 1988 mai bakin famfo 185, ruwan na canza salo, in ka ga sun shiga to sai dai ka nemi benci ka haƙura.

Amma maganar Injiniya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kana zaune a ciyawar in ka ɗaga kai ka kalli tsallaken ruwa me za ka gani? I-5 ce a kan ginshiƙai, tireloli na ta wucewa, ƙugin har inda kake yake zuwa. Duk masu ɗaukar hoton nan da kuke gani baya suke juya mata ko su tsaya a gabas su ɗauko yamma.

Injiniya Garba:
Yauwa Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Abin da nake faɗa kenan. An share tsakar gida an tara sharar a ƙofar maƙwabci.

Usman Lauya:
Kuma a tambaya waye maƙwabcin. I-5 ɗin nan da ta wuce bakin ruwa ta nufi arewa, ta tsakiyar unguwar Albina aka tsaga da ita a farkon shekarun 1960, inda mafi yawan baƙar fatar garin suke zaune, da yawansu ma can suka koma bayan ambaliyar 1948 ta shafe garin Vanport da ke kusa, inda suke zaune a da. Gidaje aka rushe aka raba unguwa biyu. Su ba wanda ya ɗauki hoton cin abincinsu a ciyawa. Ba ina cewa filin ne ya kore su ba, a'a, hanyar ta riga filin, amma hanyar da ta ba Harbor Drive damar yin ritaya a kan gidajen wasu ta bi. In za a ba da labarin a ba da shi da kai da ƙafa.

Zainab M.:
Barista wannan ba musu, kuma ya kamata a riƙa faɗa. Sai dai ku lura da abu ɗaya, a shekarun nan birane nawa ne a Amurka suka gina sabuwar babbar hanya kuma suka bar tsohuwar a bakin ruwa, biyu a biyu? Da yawa. Samun madadin bai taɓa sa an fasa titi da kansa ba. San Francisco sai da girgizar ƙasa ta 1989 ta lalata titin sama na Embarcadero kafin aka samu ƙarfin halin rushe shi 1991, alhali 'yan shekaru kafin nan an kai maganar gaban masu zaɓe sun ƙi. Seoul ta Koriya ta Kudu sai 2003 ta fasa nata a kan rafin Cheonggyecheon. Portland ta yi nata 1974 ba girgiza ba komai. Kuma a shekarar dai suka yi watsi da wata sabuwar hanyar da ake shirin yi, Mount Hood Freeway, kuɗinta daga baya ya shiga aikin jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe 1986. In da canza ɗaki ne kawai ai da sun gina waccan ma.

Injiniya Garba:
Ta Mount Hood na ba ki, wannan kam kisa ne na gaskiya don ba a gina ta a ko'ina ba. Amma Harbor Drive ina nan kan bakana.

Auta:
Ni tambayata ɗaya, ranar da aka rufe titin gosulo bai kashe su ba?

Injiniya Garba:
Bai kashe su ba Auta, kuma dalilin shi ne abin da muke ta jayayya a kai. Masu wucewa sun hau sababbin gadoji, masu shiga gari sun bi Front Avenue da ke manne da wajen. Akwai kuma abin da muka daɗe da lura da shi a aikinmu, motoci ba kamar ruwa ba ne da dole adadin da ya shigo ya fita. In ka ƙara layi mutanen da da ba za su fito da mota ba sai su fito, shekara kaɗan layin ya cika. In ka rage, wani ya canza lokaci, wani ya hau bas, wani ya fasa tafiyar. Wani kaso ɓacewa yake yi kawai. A makaranta ba su cika son koya mana wannan ba don yana rage kwangila 😅

Maman Nana:
Bari in ƙara wani ƙorafin tunda an taɓo. Filin nan da ake cewa na kowa ne, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar rani rabinsa a cikin shinge yake. Bikin Rose Festival ya kafa lilo da rumfuna, yana tashi na kaɗe-kaɗen farkon Yuli ya sauka, wani na bin wani, wasu sai da tikiti za ka shiga. Bara na ɗauki yara da tabarma muka je, muka tarar an kewaye daidai inda muka saba zama, muka yi ta zagaye da keken jariri har na gaji muka dawo gida. In an kwashe rumfunan kuma ciyawar ta mutu, ƙasa fayau, ruwan sama na sauka ta zama caɓi, sai a sake killacewa wai ana renon sabuwa. To yaushe talaka zai zauna? Ga kashin dinyar daji ko'ina, wannan kam ba laifin kowa ba ne.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya wannan ciwon duk wani fili mai farin jini yana da shi. Ciyawa ba ta shan yabo, ruwa da ma'aikata take so, bukukuwan kuma su ke kawo jama'a da ciniki tsakiyar gari. Sai ya zama filin na neman abincinsa da jikinsa.

Usman Lauya:
Malam amma akwai iyaka. In fili na jama'a ya koma wajen haya wata uku a shekara, kuma watannin da rana ke fitowa a garin da ruwan sama ya yi wa katutu, to sunansa kawai ya rage na jama'a.

Abban Sadiq:
Ni kuma sunan ne ma nake son tambaya. Me ya sa McCall? Tunda mutanen gari ne suka yi zaman ciyawa ai su ya kamata a sa.

Zainab M.:
Da farko Waterfront Park kawai ake ce masa. McCall ya rasu Janairun 1983, aka sa sunansa 1984. Kuma gsky mutumin bai ci banza ba. Kafin ya zama gwamna ɗan jarida ne a talabijin, a 1962 ya yi wani shiri da ya tona yadda masana'antu da magudanai suka mayar da Willamette juji, shirin ya girgiza jihar. Ya yi gwamna 1967 zuwa 1975, ɗan Rifablikan ne ma, a zamaninsa aka yi dokar da ta tabbatar gabar tekun Oregon ta jama'a ce a 1967, da dokar mayar da kwalba a karɓi kuɗi ta 1971, da ta tsara amfani da filaye ta 1973. Titin kuma na jiha ne ba na gari ba, in gwamna bai so ba ko shekara goma za a yi ana cin abinci a ciyawa ba abin da zai motsa.

Maman Nana:
Wajen itatuwan cerin ma akwai tarihi mai nauyi da yawancin masu hoto ba sa tsayawa su karanta. Dandali ne da aka buɗe 1990 don tunawa da 'yan asalin Japan na yankin. Unguwarsu a nan kusa take kafin yaƙin duniya na biyu, 1942 gwamnati ta kwashe su, aka fara tsare su a filin baje kolin dabbobi na garin, daga nan aka wuce da yawancinsu sansanin Minidoka a Idaho. An jera manyan duwatsu da gajerun waƙoƙi a jiki. Ranar da na fara karantawa jikina ya yi sanyi. Titin da ke gefen filin ma, tsohon Front Avenue, tun 1996 sunansa Naito Parkway, sunan Bill Naito ɗan kasuwa ɗan asalin Japan da ya yi wa tsohon garin hidima.

Auta:
Anti a kan titin nan ne fa aka ce akwai filin shaƙatawa mai faɗin ƙafa biyu? Na ɗauka ƙarya ce

Maman Nana:
Gaskiya ne 😂 Mill Ends sunansa, a tsakiyar titi, kamar tukunyar fulawa da ɗan itace ɗaya. Ramin da aka haƙa don fitilar titi ne ba a kafa ba, wani marubucin Oregon Journal mai suna Dick Fagan da tagar ofishinsa ke kallon wajen ya shuka fure a ciki. Har littafin bajinta na Guinness ya shiga 1971 saboda ƙanƙantarsa. Nana ta ce in ta girma ita za ta zama maigadinsa.

Abban Sadiq:
To katangar 1929 ɗin tana nan? Don a hoton na ga kamar mutane na sama ruwa na can ƙasa.

Maman Nana:
Tana nan daram, kuma ita ce babban abin da ke ba ni haushi. Kana bakin kogi amma ba ka isa ka taɓa ruwa ba, sai dai ka jingina da ƙarfe ka leƙa kamar rijiya. Sai can kudu da gadar Hawthorne ne ƙasar ta gangara a hankali har bakin ruwa. Ni da za a bi tawa a fasa wani ɓangaren a yi matakala.

Injiniya Garba:
Hajiya a nan kam zan rabu da ke. Fabrairun 1996 dusar ƙanƙara ta narke a duwatsu ruwan sama mai ɗumi ya sauka a kanta, kogin ya taso saura ƙiris ya haura katangar nan. Magajiyar gari Vera Katz ta yi kira, ma'aikata da 'yan sa kai suka fito da falankai da buhunan yashi suka ƙara mata tsawo. Ba don kankaren da kike jin haushi ba da ruwa ya shiga tsakiyar gari kamar 1894. Matakala ana iya yi amma da lissafi, kogi ba ya sanarwa.

Kuma in dai taɓa ruwa ne, abin da ya sa yau ake iya taɓa shi ba ciyawa ba ce, aikin da ba ya fitowa a hoto ne. Tsofaffin magudanan garin haɗe suke, ruwan sama da na bayan gida bututu ɗaya, da an yi ruwa mai ɗan ƙarfi sai su cika su amayar cikin kogi. Shekara 20 suka yi suna aikin da suke kira Big Pipe, manyan ramuka a ƙarƙashin ƙasa gefe da gefen kogin, dala biliyan 1.4, aka gama 2011, amayar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari. Ɗaya daga cikin ramukan ta ƙarƙashin yankin filin nan ya bi. Yanzu har iyo ake yi da rani. Shi wannan ba wanda ya sa wa sunan gwamna.

Zainab M.:
To wa zai yarda a kashe biliyan 1.4 a kan kogin da ba ya gani? Sai da mutane suka samu wajen tsayawa suka ga abin da ke yawo a kan ruwan da idonsu.

Injiniya Garba:
Ƙarar kotu da umarnin hukumar muhalli ta jiha ne suka tilasta musu, ba kallon ruwa ba.

Zainab M.:
Su masu kai ƙarar daga sama suka faɗo?

Malam Ɗanjuma:
Ku biyun nan ko a lahira sai an raba muku layi. Gabas ɗin ma ba a bar ta haka ba ai, 2001 aka buɗe hanyar ƙafa da keke a can, Eastbank Esplanade, da yake I-5 ta cinye ƙasar sai da aka ɗora wani ɓangaren mai tsawon ƙafa 1,200 a kan ruwa yana lilo. Wato mutum ne ya koma kan ruwa mota ta riƙe tudu.

Injiniya Garba:
Na gode Malam, ka gama min shari'ar.

Zainab M.:
Bai gama ba, cewa ya yi an yi rabi saura rabi. Maman Nana don Allah in kin je ranar Asabar ki ɗauko mana bidiyo daga wajen cerin ki juyo da kyamara gabas a hankali, kar ki sa waƙa, mu ji ƙarar da kunnenmu.

Maman Nana:
In sha Allah, dama zan shiga kasuwar Asabar da ke ƙarƙashin gadar Burnside. In ba a kewaye wajen ba.

Auta:
Anti ki leƙa min wajen turken tsohon jirgin ruwan yaƙin nan mai suna Oregon, an ce sun binne akwati a gindinsa 1976 ba za a buɗe ba sai 2076. Ina so in san ko akwai wajen zama, don ni kaɗai ne a nan nake da alamar kaiwa.

Malam Ɗanjuma:
Ja'iri.